Zan canza sitiyarin motar gudu, wanne ya kamata in saya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 2001. Fatar sitiyarinta ta ƙoƙe har ta fara ɓarewa, ga shi ni dogo ne, duk sanda na ɗauke ƙafa daga totur zuwa birki sai gwiwata ta gogi ƙasan sitiyarin. Na ga wani ƙarami mai faɗin milimita 320, mai zurfi, da tambarin Momo a jiki, ya burge ni matuƙa, kuma mai sayarwa ya ce babu motar da ba ya shiga. Kullum a titi nake hawan motar, amma jefi-jefi nakan kai ta filin tsere. In saya, ko akwai abin da ya kamata in duba tukuna?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayar taka guda ce a baki, amma abu uku ta ƙunsa. Akwai fatar da ta mutu, akwai gwiwar da ta rasa wuri, akwai kuma sitiyarin da ka gani ya shiga ranka. Na ukun ba lallai ya warware biyun farko ba, sannan zai raba ka da wani abu da ba ka ambata ba ko sau ɗaya, wato jakar iskar da ke naɗe a tsakiyar sitiyarin da kake riƙe da shi yanzu, wadda ke cika ta tarbi direba idan aka yi karo. Ni idan aka kawo min irin wannan aiki, ba na buɗe maganar faɗi ko zurfi ko sunan kamfani sai mun gama da maganar jakar nan.

Jakar iska tukuna

Duk sitiyarin da ake ɗaurewa da ƙusoshi shida irin wanda ka gani, na Momo ne ko na Nardi ko na Sparco, ba shi da wurin da jaka za ta zauna. Sa shi yana nufin cire ta, babu wata dabara a tsakani.

A da can sandar sitiyari miƙaƙƙen ƙarfe ne guda, idan aka yi karo gaba da gaba ita ke tasowa ta sami direba a ƙirji. Kamfanin General Motors ya fara sa sanda mai shigewa cikin kanta idan ta sha duka a motocinsa na 1967. Bayan nan jakar iska ta zo, har Amurka ta wajabta ta a kujerun gaba biyu na kowace sabuwar ƙaramar mota daga ƙirar 1998. Jakar tana cika cikin ƙasa da kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, kuma alƙaluman da aka tattara a Amurka sun nuna tana rage mutuwar direbobi a karon gaba da kashi 29 cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a bayar don kyan sitiyari.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, bel ɗin kujera da jakar tare aka auna su. A motoci masu yawa na wannan zamani bel yana da na'urar da ke sake shi kaɗan idan nauyin jiki ya yi masa yawa, don kada ya karya haƙarƙari. An yarda ya saki ne saboda an san akwai jaka a gaba da za ta tarbi kai da ƙirji. Ka cire jakar, bel zai saki yadda aka tsara masa, amma abin da ke jiran fuskarka farantin alminiyam ne da kawunan ƙusoshi.

Na san za ka ce ai motocin tsere ba su da jakar iska. Gaskiya ne, sai dai su ba cirewa kawai suka yi ba, musanya suka yi. Direban tsere yana zaune cikin kejin ƙarfe, a kujerar da ba ta motsi, ɗaure da bel mai igiya biyar ko shida, da hular kwano a kansa, da abin tallafe wuya. Jikinsa ba zai taɓa kaiwa ga sitiyari ba. Kai kuma da safe za ka shiga titi da riga kawai a jikinka. Kuma kada wani ya ce maka ka sa bel mai igiya huɗu ya maye gurbin jakar. A mota mai buɗaɗɗen sama irin taka, idan babu ƙarfen kariya a bayan kujera, wannan bel zai riƙe ka a miƙe ne idan motar ta kife, alhali kai ne abin da ya fi komai tsawo a cikinta.

Sai maganar fitilar gargaɗi. Da zarar an cire jakar, fitilarta za ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa, sai masu riwaya su liƙa wata 'yar rezista mai ohm 2 zuwa 3 a bakin wayar, kwamfutar motar ta ɗauka jakar tana nan. Rezistar tana da amfani guda, domin a wasu motocin idan kwamfuta ta ga matsala a gefe ɗaya tana iya dakatar da sauran tsarin, har da jakar fasinja. Amma fitila ta kashe, ba kariya ta dawo da ita ba. Kuma duk wanda ya ari motar, ko wanda ka sayar wa nan gaba, haƙƙinsa ne ka faɗa masa da bakinka cewa babu jaka a gaban direba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. A Birtaniya motar da ta fito da jakar iska aka cire ba ta cin gwajin shekara-shekara. A Jamus cirewar tana iya soke izinin hawan motar a titi. A Amurka dokar tarayya ta hana gareji ko dillali kashe kayan kariyar da mota ta zo da su. Ka tambayi abin da dokar inda kake ta ce, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka a rubuce kafin ka taɓa komai, don ranar da za ka neme su ba ranar da za su gano canjin da kansu ba ce.

Abin da za a iya yi ba tare da an cire ta ba

Fatar da ta ƙoƙe ba dalilin canza sitiyari ba ce. Gwanin ɗinkin fata zai feɗe tsohuwar, ya gyara soson da ke ƙasa, ya ɗinka sabuwa da hannu. A wannan aikin ne za ka iya cewa a ƙara masa kauri kaɗan, a ɗan tayar da wurin da babban yatsa ke kwanciya, a sa layi mai launi a sama idan kana so. Na sha ganin mutum ya zo da niyyar sayen sabo, aka sake wa nasa fata, ya riƙe ya ce ai wannan yake nema tun farko. Yawancin abin da muke kira jin daɗin sitiyari a tafin hannu yake, ba a suna ba. Ka kuma dubi tsakiyar naka da kyau, domin MX-5 da yawa na wannan zubin, wato daga 1998 zuwa 2005, sun fito daga kamfani da sitiyarin Nardi mai ƙafa uku da jakarsa. Idan irinsa ne a motarka, abin da wasu ke nema ne kake shirin cirewa.

Idan ƙarfen ciki ya lanƙwashe ko soson ya rabu da shi har yana juyawa a hannu, nemi na asali na hannu daga mota irin taka, ka mayar da jakarka a ciki. Na ce jakarka, domin jakar iska ta hannu abu ce da ba ka san inda ta kwana ba. Ta yiwu ta sha ruwa, ta yiwu jabu ce, ta yiwu kuma tana cikin na kamfanin Takata da aka janye miliyoyinsu a duniya saboda sinadarin da ke hura su yana lalacewa da zafi da laima har gwangwanin ya tarwatse. Wannan matsala ce ta durƙusar da kamfanin a 2017.

Akwai kuma masu ɗaukar sitiyarin asali su sake masa siffa, su daidaita ƙasansa ya zama shafaffe, jakar ta koma wurinta. Wannan yana taimaka wa gwiwa sosai. Tambaya ɗaya nake yi musu: kun yanka zoben ƙarfen ciki kun yi walda, ko soso kawai kuka sassaƙa? An ƙera zoben nan ya tallafi jakar idan ta cika, ya kuma lanƙwasa ta hanyar da aka auna. Wanda aka yanka aka haɗa, babu wanda ya gwada shi a karo.

Gwiwar ma sau da yawa ba daga sitiyari maganinta yake ba, daga kujera yake. Sandar sitiyarin motarka ba ta hawa ba ta sauka, shi ya sa dogayen masu irin wannan mota suka daɗe suna rage soson mazaunin kujera ko su sa ƙafafun kujera masu ƙasa. Idan ƙugu ya sauka, cinya ta bi shi, kai ma ya sami wuri a ƙarƙashin rufi, abin da za ka gode masa ranar da ka sa hular kwano. Sharaɗin kawai kada a taɓa maɗaurin bel, kuma kujerar ta zauna a kan ƙusoshinta na asali.

Faɗi

To, mu ce motar ta tashi daga ta titi ta zama ta filin tsere da cikakken kayan kariya, ko kuma mai karatu yana da tsohuwar motar da ba ta taɓa samun jaka ba. Nan ne zaɓen ya fara, kuma da tef ɗin awo ake farawa.

Auna naka daga bakin waje zuwa bakin waje. Bari mu ɗauka 370 ka samu. Idan ka koma 320, faɗi ya ragu da milimita 50, amma gwiwarka rabin wannan za ta samu, wato 25, domin ragin ya kasu tsakanin sama da ƙasa. Idan 350 ka koma, milimita 10 kacal. Mutane suna mamakin wannan lissafi, don a ido ƙaramin yana kama da wanda zai buɗe fili mai yawa.

Abin da za ka biya kuma ga shi. Sitiyari kamar sufana yake, gajarta ƙota ƙara wahala ne. Daga 370 zuwa 350 ƙarfin da hannu zai sa ya ƙaru da kusan kashi 6 cikin 100, zuwa 330 da kashi 12, zuwa 320 da kusan kashi 16. A mota mai fawa sitiyari za ka jure. A wadda ba ta da shi, musamman in an sa mata tayoyi masu faɗi, wajen yin fakin za ka gane kurenka.

Akwai wani zance da ke yawo cewa ƙaramin sitiyari yana sa mota saurin juyawa. Ba haka ba ne. Yawan zagayen da kake yi daga ƙurewar hagu zuwa ƙurewar dama rak, wato ƙarfe mai haƙora da ke tura tayoyin gaba hagu da dama, shi ne ke ƙayyade shi, kuma ba ka taɓa rak ba. Abin da ya canza tafiyar hannu ce. Zagaye ɗaya a kan 370 kusan milimita 1,160 ne, a kan 320 kusan 1,005. Hannu ya rage tafiya, sai motar ta yi kamar ta ƙara kaifi. A kwana mai tsauri wannan da daɗi. A miƙaƙƙiyar hanya kana gudu kuwa, motsin santimita ɗaya da ke juya babban da digiri 3.1 zai juya ƙaramin da digiri 3.6, ga motarka gajera ce mai saurin amsawa tun asali. Gyaran da kake yi da ɗan yatsa ba tare da ka sani ba sai ya koma abin da sai ka sa hankali, kuma a doguwar tafiya wannan gajiya ce.

Sannan yadda ƙasa ta hau da 25, haka sama ta sauko da 25, kuma daidai kan agogon gudu da na juyin inji take sauka. Ga dogon mutum da ke kallo daga sama abin ya fi muni. Kafin ka fitar da ko sisi, yanki zobe biyu daga kwali, ɗaya 350 ɗaya 320, ka liƙa a kan sitiyarinka da salatif, ka zauna yadda ka saba, ka ga lambobin da suka ɓace. Wannan gwaji ya hana mutane da yawa da na sani sayen abin da za su ajiye a kwaba.

Ka duba abin da masu ƙera motocin gudu suke yi da kansu. Toyota 86 ta fito a 2012 da sitiyari mai 365. Porsche ta sa 375 a motarta ƙirar 718, wanda ya nemi ƙarami na wasanni a ba shi 360. Waɗannan mutane suna da injiniyoyi da filayen gwaji, kuma ba su gangara 320 ba. A ra'ayina 350 shi ne wurin da aka fi samun riba da ƙarancin asara, 330 shi ne iyaka, 320 kuma na motar da ba ta san titi ba ne.

Zurfi da mazauni

Ga dogon direba zurfi ya fi faɗi muhimmanci, kuma shi aka fi yin kuskure a kai. Zurfi shi ne tazarar da ke tsakanin farantin da ake ɗaurewa da zoben da hannu ke riƙewa. Shafaffu suna kamawa daga wajen milimita 30 zuwa 40, masu zurfi sosai suna kai 90.

Dogon mutum yakan tura kujera baya don ƙafa ta miƙe, sai sitiyari ya yi masa nisa, sai ya dawo gaba, gwiwa ta tashi ta daki sitiyari. Idan sitiyarin ya matso gare shi, kujera za ta iya zama a baya, ƙafa ta miƙe, gwiwa ta kwanta. Ƙari a kan haka, sandar a karkace take tana kallon sama, don haka duk matsowa tana tafe da ɗan hawa. A sandar da ta karkata da digiri 25, matsowar milimita 50 tana ɗaga sitiyarin da kusan 21. Ka ga ke nan 350 da ya matso daidai zai iya bai wa gwiwa abin da 320 shafaffe bai ba ta ba.

Amma ba zurfin sitiyari kaɗai ake ƙirgawa ba. Tsakaninsa da sanda akwai mazauni, wanda a gareji muke ce wa bos, kuma shi ma yana da nasa tsawon. In an ƙara mahaɗin cirewa nan take, wato wanda ke ba da damar zare sitiyari da hannu kawai, ga wani tsawon na wajen milimita 50 zuwa 60. Jimillar ukun ce ke faɗin inda hannunka zai tsaya. Wani ya taɓa kawo min mota da ya haɗa dogon bos da mahaɗin cirewa da sitiyari mai zurfi, kowanne ya saya daban don ya ga ya yi kyau. Sitiyarin ya zo masa har ƙirji, sandar sigina ta yi nisan da sai ya saki hannu kafin ya taɓa ta, kuma da na tambaye shi ya ce ya daina sa sigina a ƙananan kwanoni. Sandunan sigina da waifa ba sa biyo sitiyari, suna nan inda kamfani ya dasa su. Don haka auna daga sandar sigina zuwa zoben sitiyarinka na yanzu, ka rubuta, kada sabon ya wuce wannan da abin da yatsunka ba za su cike ba.

Gwajin zama kuwa mai sauƙi ne. Jingina kafaɗunka biyu da kujera, miƙa hannu ɗaya, wuyan hannun ya kwanta a saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba. Idan ka riƙe gefe da gefe, gwiwar hannu ta kasance a lanƙwashe sosai, kuma ka iya juya rabin zagaye ba ta daki cikinka ko ƙofa ba. Wanda ya bar jakarsa ya tabbatar akwai aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da tsakiyar sitiyari.

Maganar mai sayarwa cewa babu motar da ba ya shiga, rabinta ce gaskiya. Sitiyarin na kowa ne, bos ɗin kuwa na mota ɗaya ne. Bakin sanda yana da haƙora da ɗan tsukewa, kuma yawan haƙoran da kaurinsu sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci ma daga shekara zuwa shekara. Bos ɗin da ya kusa daidai zai shiga, noti zai ɗaure, ya yi watanni lafiya, ranar da haƙoran suka cinye sitiyari ya juya tayoyi ba su juya ba. Bos na kirki kuma shi ke ɗauke da abin da ke kashe sigina bayan kwana da hanyar wayar hon. Ga motar da za ta taka titi na fi son irin wanda aka ƙera ya murƙushe idan ya sha duka a kan dunƙulallen alminiyam.

Ramukan ma iri biyu ne suka fi yawa. Momo da Sparco da OMP suna da ramuka 6 a da'ira mai faɗin milimita 70. Nardi da Personal suna da 6 a da'ira mai 74. A ido kamar ɗaya suke. Bos da yawa an huda musu duka biyun, amma ka tabbatar kafin ka saya, kuma kada ka yarda kowa ya faɗaɗa rami da dirila don ƙusa ta shiga. Mahaɗin cirewa nan take yana da amfani ga wanda keji ya tare wa hanyar fita. In ba haka ba, ƙarin gaɓa ce kawai a wurin da ba a son gaɓa, kuma mai araha yakan fara wasa bayan ɗan lokaci.

Abin da hannu zai riƙa, da tambarin da ke jiki

Ga wanda ke tuƙi da tsirarar hannu, fata mai santsi ko mai ƙananan huji ita ce ba ta ba da wahala. Fata mai gashi-gashi da Alcantara, wanda yadi ne na roba da aka ƙirƙiro a Japan a 1970 ake kuma yin sa a Italiya, suna kama safar hannu ƙam, amma gumi da maiƙon tafi suna kwantar da gashin ya koma sulɓi. Katako yana da kyau a tsohuwar mota, shi ne ma abin da Enrico Nardi ya yi suna da shi tun 1951, sai dai yana zamewa a jiƙaƙƙen hannu kuma yana iya tsagewa a haɗari. Ƙasa shafaffe yana da amfani ga gwiwa, amma a motar da ake juya sitiyarinta fiye da zagaye guda hannu yakan zo kamawa ya tarar babu zobe a inda ya saba.

Momo kamfani ne na gaske mai tarihi. Giampiero Moretti, ɗan tseren Italiya, ya kafa shi a 1964 bayan ya yi wa motarsa sitiyari mai kaurin riƙo, kuma a wannan shekarar John Surtees ya ci gasar duniya ta Formula 1 a Ferrari da irinsa a hannu. Sunan nan ne ya sa jabunsa suka cika kasuwa. Jabu kyan ɗan maciji ne da shi, domin ɗinki da tambari ana iya kwaikwayo, ƙarfen ne ba a kashe wa kuɗi. Na taɓa riƙe wani a kan benci na danna zoben da hannu biyu, ƙafafun suka lanƙwashe suka zauna a haka. Ka tuna direba yana dogara da sitiyari da nauyinsa duk sanda ya taka birki da ƙarfi. Juya shi ka dubi baya: na asali yana da hatimi bugagge a cikin ƙarfen, gefen ƙafafun a goge, ramukan a tsakiya daidai, ɗinkin bai karkace ba. Idan kuɗin ya gaza na dillalin kamfani da nisa, amsar ke nan.

Da ni ne da motarka, tunda kullum tana titi, zan bar jakar, in sake wa sitiyarin fata, in sauke kujera, in yi wata guda a haka kafin in sake tunanin komai. Ban ga zamanka a cikin motar ba, kuma tsawon cinya da na hannu sun bambanta ko tsakanin mutum biyu masu tsayi ɗaya, don haka awon da za ka yi da kanka ya fi duk lambar da na ba ka. Masu sababbin motoci kuma, inda maɓallan rediyo da na canza giya da na'urar auna juyin sitiyari duk suke wurin, nasu aikin ya wuce wannan bayani, sai da kwamfutar gwaji.

Ranar ɗaurawa

Ko fata kawai za a sake, sai an cire sitiyarin, kuma a nan ake ɓarna. A tsayar da tayoyi a miƙe. A cire kan batir na negatif, a jira mintunan da littafin motar ya faɗa, domin na'urar jakar tana riƙe wuta na ɗan lokaci. Jakar da aka ciro a ɗauke ta fuskarta na kallon waje, a ajiye ta fuskar na sama, kuma kada a sa mata mitar gwajin waya. A yi alama a bakin sanda da jikin sitiyari kafin a zare. A sassauta babban noti amma a bar shi a kan zare biyu ko uku, don idan sitiyarin ya saki kada ya zo maka a haɓa. In ya ƙi fita a sa abin zaro shi, kada a doki sanda da guduma, domin sandar nan an yi ta ne ta shige cikin kanta idan an doke ta, kuma ba ta bambanta guduma da haɗari.

A bayan sitiyari akwai faifan waya mai naɗi kamar tef, shi ke kai wuta ga jaka da hon. Zagaye kaɗan yake da shi, wajen biyar daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Da zarar sitiyari ya fita a liƙe shi da salatif kada ya juya. In aka mayar da shi ba a tsakiya ba, kwanar farko da ka ƙure za ta tsinke shi. Babban noti a ɗaure shi da sufana mai awo daidai da lambar littafi, ƙananan ƙusoshin shida kuma a bi su a gicciye da ɗigon gam ɗin da ke hana ƙusa kwancewa. Idan an gama ka ga sitiyari ya ɗan karkace alhali mota na tafiya a miƙe, a tayarod ake gyara wannan wurin masu alaimen.

Kafin ka hau titi, kunna motar a fili ka ga fitilar jaka ta kama ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, juya sitiyari a hankali har ƙurewa ta kowane gefe kana sauraron ƙara ko tirjiya, danna hon a miƙe da kuma a juye, ka tabbatar sigina tana kashe kanta hagu da dama. Bayan mako guda ka sake bin ƙusoshin da sufana.